Ƙararrawar Ranar Alhamis

SHAFI NA 14

Masu turo min saƙo tun jiya wai na cika jan rai, na ji, na kuma yafe. Ga shafinku. Amma wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta ajiye ruwa kusa, kar a ce ban faɗa ba.

* * *

Ƙarfe goma na safiyar Litinin matar mai koren fayil ta shigo ɗakin yara, nan take ɗakin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Maman Rediyo na tsaka da juya cokali cikin shayin da ta san ba za a sha ba. Hannunta ya tsaya cak. Wata huɗu ke nan tana kwana a kujerar roba gefen gado na shida, tun ranar da likita ya ce kansar jini ke damun 'yarta mai shekara tara. A wata huɗun nan ta koyi abubuwan da ba a rubuta su a bango ba. Ta san ƙarar takalmin kowace nas. Ta san in aka zagaye gado da labule ba a tambaya. Yanzu kuma ta san abin da duk uwar da ke ɗakin ta sani game da koren fayil ɗin nan.

Kaka ce ta sanar da ita, tsohuwar gado na biyu da ke jinyar jikanta, wadda ta kusa fin fankar ɗakin daɗewa. Kwana tara ke nan, ranar da labarin rasuwar yaron gado na huɗu ya iso.

"Wai ƙungiyar cika wa yara buri," in ji Kaka, murya ƙasa-ƙasa. "Buri! 'Yar nan, wa ake tambaya abin da yake so a duniya in ba mai shirin barinta ba? Ta tsaya a gado na tara, aka kai yarinya ta ga jirgin sama. Ina take? Ta tsaya a na huɗu, aka kawo masa keke. Ga shi yau kin ji. Likitoci ne ke ba ta sunaye. Su ba za su iya kallon idonki su faɗa ba, sai su turo ta."

Shi ya sa yau kowace uwa ta sami abin kallo a ƙasa.

Matar ta wuce gado na ɗaya. Ta wuce na biyu, Kaka ta saki ajiyar zuciya har ana ji. Na uku. Na huɗu.

Maman Rediyo ta ji leɓenta na motsi. Addu'a take, kuma Allah Ya sani ta ji kunyar addu'ar, don abin da take roƙo shi ne matar ta tsaya a gadon ɗan wata.

Na biyar.

Takalman suka tsaya.

"Salamu alaikum. Ke ce maman gado na shida?"

Kofin ya kuɓuce, shayi ya wanke mata ƙafa, ko zafinsa ba ta ji ba. Ta miƙe ta tare gadon da jikinta.

"Kin yi ɓatan kai."

"Na'am?"

"Ba nan ba ne. Mu sauƙi muke samu. Jiya ma ta ci ayaba."

Ƙarya ce. Rabin ayaba ce, shekaranjiya, kuma ba ta zauna ba.

Yarinyar na kwance ta ba su baya, ta ja hular ulu har gira. Abbanta ne ya raɗa mata Rediyo, don tun tana shekara biyu bakinta bai san hutu ba, ko cikin barci sai ta karanto labarai. Yau kwana tara ba wanda ya ji wata kalma daga gare ta ban da "a'a". Ba ta ci, ba ta sha sai an yi da gaske, magani kuwa sai mutum biyu sun riƙe ta.

Maman Rediyo ta damƙi hannun matar ta ja ta waje, ita da ko kaza ba ta iya yi wa tsawa. Sai da suka kai lungun da ake jera kekunan marasa lafiya ta sake ta.

"Don girman Allah ki faɗa min gaskiya. Wane likita ne ya ba ki sunanta? Dogon ko mai gilashi? Kwana nawa suka ce?"

"'Yar uwa, saurara..."

"Kwana nawa? Ni uwa ce, zan iya ɗauka."

Ba za ta iya ba. Ta dafa bango.

"Ba wanda ya ce kwana ko ɗaya. Ba likita ne ya kira ni ba."

"To wa?"

Matar ta buɗe fayil ɗin ta zaro wani kwalin magani da aka farke aka baje. An yi rubutu da fensir a cikinsa.

Kallo ɗaya ta gane rubutun 'yarta. Ita ta riƙe hannun nan ta koya masa zana baƙaƙe.

*Ni ce ta gado na shida. Ina so in kaɗa ƙararrawar makarantarmu sau ɗaya. Makon da na kwanta nawa ne aka ba wata. Kar ku faɗa wa Ummana, tana tsoronku.*

"Sistar safe ce ta ba ni ranar Juma'a," in ji matar. "Amma ba ma yin komai sai uwa ta sani, shi ya sa na zo."

Ƙararrawa. A makarantarsu duk mako ana ba ɗalibi ɗaya ya kaɗa ta hutun ƙarfe goma. Shekara guda yarinyar nan tana soke makonni a kalandar kicin tana jiran nata, ta ishi kowa da zancen. Safiyar Litinin ɗin makon nata ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Maman Rediyo ta manta da wata ƙararrawa tun a motar da ta kawo su asibiti. Ashe mai ita ba ta manta ba.

"Na san abin da ake faɗa a kaina a ɗakin nan," matar ta ce. "Ina da ido, ina ganin yadda ake sunkuyar da kai."

"Ina yaron gado na huɗu?"

"Ya rasu. Ba zan miki ƙarya ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana zagaye tsakar gidansu da kekensa. Uwarsa ta kira ni jiya, ta ce in ta rufe ido a kan keken take ganinsa, ba a kan gado ba."

"Kin gani! Kin gani ko!"

"Ga ta gado na tara kuma."

Ta miƙo waya. Yarinya ce kumatu cike, gashi ya tsiro har an kama shi da ribom biyu, ta wage baki ba haƙoran gaba.

"Ai... ai mun wayi gari an naɗe katifarta."

"Tiyata aka kai ta ɗaya ginin, daga can aka sallame su. Wa zai dawo ya ba ku labari? Wanda ya samu ya fita da ƙafarsa ba ya waiwayen ɗakin nan, ku kuma kuna ganin gado ba kowa sai ku yi salati. Ni ban san gaibu ba, 'yar uwa. Yara masu fama da ciwo mai tsanani nake bi, in ba su abin da za su tashi da safe saboda shi."

Maman Rediyo ta so ta yarda, wallahi ta so. Amma tsoro ya riga ya yi mata sheƙa a ƙirji, hoto ɗaya bai isa ya kore shi ba. Ta karɓe kwalin ta koma ciki, matar ta biyo ta a baya.

Ta zauna bakin gadon.

"Rediyo."

Yarinyar ta ƙara matsawa jikin bango.

"Ke kika rubuta wannan?"

Hular ta gyaɗa.

"Me ya sa kika ɓoye min?"

"Za ki shiga banɗaki ki yi kuka." Muryar ta dusashe don rashin amfani. "Kina buɗe famfo, amma ina ganin idonki in kin fito."

"Kin san ko wace ce matar nan?"

"Na sani. Na ji Kaka ranar nan. Kun ɗauka barci nake."

"Kin ji... kika kuma kira ta?"

Sai yarinyar ta juyo. Fuskar ta rame, idanun sun cinye rabinta.

"Umma, ai ciwonmu ɗaya da na gado na huɗu. Na san ni ce ta gaba. Shi ne na ce in dai tafiya zan yi, gara in kaɗa tukuna. Makona ne aka ba wata."

Jama'a, ku dubi Maman Rediyo. Kwana tara tana lallashi da ayaba da biskit tana cewa magani ne ya kashe wa yarinya baki, ashe 'yar shekara tara ce ke kwance tana jiran mutuwa ita kaɗai, ta rasa wanda za ta gaya wa don kar uwarta ta buɗe famfo.

Mai koren fayil ta durƙusa da ƙyar, tana riƙe ƙarfen gado.

"Ke mai ƙararrawa, dube ni da kyau. 'Yar aiken mutuwa ce za ta zo da wannan ƙibar tana haki a matakala? Kin san wannan?"

Ta haska mata wayar.

Rediyo ta ƙura ido. Ta ɗago a kan gwiwar hannu.

"Matsoraciyar allura! Umma, Matsoraciyar allura ce! Gashinta ya fito! Waye ya cire mata haƙora?"

Duk ɗakin aka waiwayo. Kaka ta saki baki, carbi na reto a hannunta.

* * *

Likita mai gilashi ya zo da azahar ya kafa sharuɗɗa, yana ƙirga su da yatsu. Za ta ci abinci sau uku. Za ta sha magani ba kokawa. Awon jinin Laraba ya yi kyau. Awa ɗaya kacal a makarantar, da takunkumin fuska, daga nesa da yara.

Sai ya ja Maman Rediyo gefe, ya cire gilashin.

"Na ƙarshe shi ne babba. Zazzaɓi a jikin yaran nan ba irin na gida ba ne. Maganin da muke ba ta ya kwashe masu gadin jikinta. In zafi ya kai talatin da takwas, babu fita, babu jira, nan take za mu ɗaura mata magani. Awa ɗaya in an ɓata tana iya zama komai. Kin fahimta?"

"Na fahimta, likita."

"To, Alhamis in Allah Ya yarda."

Abin da ya biyo baya, da Maman Rediyo ba ta gani da idonta ba da ta ƙaryata.

Da yammar Litinin Rediyo ta ci ƙwai ɗaya tana yamutsa fuska. Talata ta ci biyu, ta nemi burodi. Ta haɗiye ƙwayoyin magani ita da kanta tana wa Sista gori wai hannunta ya fi nata sauri. Ta karɓe cokali da kofin silba tana gwaji, ƙwal ƙwal ƙwal, tana koya wa yaran ɗakin cewa ba bugun hauka ake yi ba, uku ake yi a tsaya, a sake uku. Kafin la'asar gado biyar sun samu cokula. Sista ta leƙo ta ce in ba a daina ba za ta nemi canjin ɗaki, amma tana fita ana jin dariyarta.

Abban Rediyo, direban tasi ne, wata huɗu yana zuwa ya tsaya daga ƙafar gado kamar baƙo, ya ajiye leda ya gudu kafin idonsa ya tona shi. Ranar Talata da ya shigo ta tare shi da labarin minti arba'in ba numfashi. Ya zauna. Ya ce, "An gyara rediyon nan ke nan? Ina maɓallin ragewa?" Ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya fita baranda ya daɗe yana gyaran hula.

Ya kawo kayan makarantarta daga gida. Rigar ta zama buhu a jikinta. Maman Rediyo tela ce, amma rabonta da allura tun ranar da suka shigo nan. Ta zauna bakin taga ta rage kafaɗa, ta kama ƙugu, ta ɗage hannu. Tana cikin ɗinkin ta kama kanta tana 'yar waƙa a hanci, ta yi sauri ta yi shiru, don har yanzu tsoron jin daɗi take.

Laraba awon jini ya fito da kyau. Malamar ajinsu ta aiko cewa yara sun goge ƙararrawar har tana ɗaukar ido. Da yamma Kaka ta jawo kujera tana kallon wani wajen.

"'Yar nan... ita matar nan, tana kawo ƙwallo? Ba wai ni ba. Yaron nan ne ya dame ni."

* * *

Alhamis, ƙarfe takwas da rabi na safe.

Rediyo ta shirya tun bakwai. Riga ta zauna, safa fari ƙal, takalmi biyu a ƙafa wannan karon. Ta ja hular har gira, tana zaune bakin gado tana lilo da ƙafa. Abbanta zai ɗauko mai koren fayil su iso ƙarfe tara.

Sista ta shigo da kwanon abin awon zafi. Gado goma sha biyu ne ita kaɗai, don haka yadda aka saba take yi, ta raba wa iyaye kowa ta gwada ɗanta, ita kuma ta zagayo da takarda tana rubutawa.

"Kawo hannu, uwar surutu."

"Wannan, Umma." Ta ɗaga na dama da sauri.

Abin ya yi ƙara. Talatin da shida da ɗigo biyu.

"Alhamdu lillahi," in ji Maman Rediyo. Ta zaro shi, bayan hannunta ya gogi hammatar yarinyar.

Sanyi. Sanyi ƙalau, da danshi.

Ta tsaya. Rigar ta jiƙe a wajen, ɗan zagaye kamar bakin kofi.

"Rediyo, me ya jiƙa miki riga?"

"Ruwa na sha."

"Da hammata?"

Yarinyar ta kau da kai. Maman Rediyo ta ɗaga filo. Gorar ruwa ce daga firjin ɗakin, rabinta ƙanƙara, an naɗe ta da ɗankwalin uwar.

Ta tura hular baya ta ɗora tafin hannu a goshin.

Kamar murfin tukunya.

"Inna lillahi... Tun yaushe?"

"Umma, yi a hankali, za a ji."

"Na ce tun yaushe?"

"Jiya. Bayan la'asar. Kaɗan ne fa."

"Awon yamma? Da na kafin barci?"

Kai ya sunkuya.

Awa goma sha shida. Likita ya ce awa ɗaya. Maman Rediyo ta dafe kai. Ita da hannunta ta gwada sau biyu jiya, ita da bakinta ta faɗa wa Sista talatin da shida tana murmushi, ta koma ta ci gaba da goge takalmi. Kwana uku tana kallon bakin da ke surutu, ta manta da taɓa goshi.

Ta kama hannun hagu ta cusa abin awon, ta matse. Yanzu da ta lura, haƙoran yarinyar ma kaɗawa suke a hankali, lilon ƙafar nan ba na murna ba ne, sanyi take ji.

"Umma."

"Yi shiru."

"Umma, na ci ƙwai. Na sha duk maganin, har mai ɗacin. Ban yi kuka ba da aka ɗebi jini. Duk abin da ya ce na yi."

"Na sani."

"Awa ɗaya ce. Uku zan buga in tsaya in sake uku, shi ke nan mu dawo. Su ɗaura min ruwa ko leda goma ne, wallahi ba zan motsa ba."

"Za a sake saka wata ranar, in kin ji sauƙi..."

"Haka kika ce wancan karon."

Abin ya yi ƙara.

Talatin da tara da ɗigo ɗaya.

Maman Rediyo ta dunƙule shi a tafin hannu. In ta faɗa, za a cire rigar nan da ta ɗinka, a kwantar da ita, ta kuma san fuskar za ta koma bango, wataƙila wannan karon ba kwalin magani da zai juyo da ita. In ta yi shiru, ita ce za ta ɗauki 'yarta ta fita da ita daga inda maganin yake.

Waya ta yi ƙara a cinyarta. Abban Rediyo.

"Mun iso da wuri, muna ƙasa!" Muryarsa har tsalle take. "Na wanke motar sau biyu. Ki ce wa 'yata shugabar makaranta direbanta na jira."

Ta kashe.

"Gado na huɗu?" muryar Sista.

"Talatin da shida da rabi."

"Na biyar?"

"Talatin da bakwai."

Rediyo ta kamo gefen mayafin uwarta ta nannaɗe a yatsu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Zafin hannun na ratsa mayafin.

"Umma," ta raɗa, "ban taɓa roƙonki komai ba tunda muka zo."

Takalman Sista suka tsaya. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa ta yi murmushi.

"Iye, 'yan makaranta! Yau dai kunnena zai huta. Maman Rediyo, nawa?"

Biro na kan takarda. Kaka na kallo daga gado na biyu. Can ƙasa aka danna hon sau uku, aka tsaya, aka sake uku.

Maman Rediyo ta dubi 'yarta, ta dubi hannunta da ke dunƙule.

Ta buɗe baki.

"Talatin da..."

Mu haɗu a shafi na gaba.